Jini a bayan sakaina

Shanu biyu mijina yab bar min, ja da fara. Jar ita muke tatsa, farar kuwa karsana ce, ba ta taɓa haihuwa ba. Nonona ya ƙafe tun ina takaba, ɗiyata ko ba ta isa yaye ba, sai madarar jar saniya taz zama abincinta.

Da damina taf faɗi, shanun Wurno sunka dawo daga kiwon rani duk a rame. A garinmu in shanu sunka dawo haka, ana duba jininsu don sammore, cutar nan da ke tsotse saniya har ta faɗi. A tsaga kunne, a ɗiga jinin bayan farar sakaina, a karkata ta ga rana. In ya tsaya da kauri, lafiya. In ya gudu kamar ruwa, a yanka kafin ta zama mushe.

Kawuna shi ke duba na unguwarmu, kuma ba mutumin wasa ba ne. Ni nik kawo mai sakainar daga ɗakina. Jinin farar yat tsaya. Na jar yag gangaro har bisa yatsanshi.

Nic ce, “Kawu, mi kag gani?”

Yac ce, “Ta kamu. Ki yi haƙuri.”

“Tana cin ciyawa fa. Ko ɗazu na tatse ta.”

“Haka suke yi. Ki bari ta kwanta, ki rasa har naman.”

Mi nis sani ga jinin shanu? Anka kira mahauci. Ina tsaye da yarinyar a bayana sunka feɗe ta. Mahaucin yaj juya hanta, yad dubi saifa, yad dubi kawu. Naman ja wur, har da ɗan kitse. Maƙwabta sunka yi ta yaba shi.

Nik koma ba yarinyar kunun gero. Cikinta bai karɓa ba. Wata Bafulatana da ke zuwa daga wajen Rabah takan ɗan sammana madara, amma ba kullum take shigowa ba.

Farar, mai jini mai kauri, taf fara zubar da hawaye, gashinta yat tashi. Kafin gero ya yi kai anka ja ta bayan gari, ko yanka ba a samu yi ba. Yarinyar tab bi ta ana girbi. Ban yi kuka ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba, nit tashi nis share tsakar gida.

Kawu bai sake haɗa ido da ni ba, ni kuma ban riƙe shi da komi ba. Abin da yag gani yaf faɗa.

Da shanu sunka dawo wata shekarar, maƙwabciyata tal leƙo, wai ko farar sakainar nan tana nan, za a duba saniyarsu. Tana nan. Niw wanke ta nim miƙa mata.