Tautau Mai Tsalle a Cikin Gora

Shekarar da Nasara suka kwashe mazan ƙauyenmu zuwa aikin hanya, har da maigidana, 'yata ta wayi gari da ƙuraje a gindin kunne. Lokacin bakinta ya fara buɗewa ke nan, surutu kamar me. Kafin la'asar ƙurajen sun ɗuri ruwa, sun kama hanyar idon hagu.

Surukata ta ce fitsarin tautau ne. Wanzaminmu na Gangara ya ce haka ne, amma tautau iri-iri ne: akwai na rumbu, akwai na jinka, akwai na bakin rijiya, kowane da maganinsa.

"In na shafa na wani a kan na wani, ni na tsiyaye mata ido," in ji shi. "Je ki kamo min shi, 'yata. Da rai, don in ya mutu ƙanƙancewa yake, ba a shaida shi."

Wallahi tsige ɗakina na yi. Na yaye zana, na kife tukwane, na zazzage tabarmi, surukata tana ta salati tana cewa na zautu. A ƙarƙashin shimfiɗar yarinyar na same shi. Ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar wake ba, baƙi mai jan layi a gadon baya. Ba ya saƙa, ba ya gudu. Tsalle yake, tsul, ya juyo ya kafe ni da idanu, ɗan banza mara kunya. Da ƙyar na kife shi da ludayi na zuba a gora.

Wanzami ya juya goran, ya sake juyawa. "Tun da nake ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba zan yi da ka ba."

"Baba, ko wane iri ne, shafa mata mana!"

Ya girgiza kai. Na zage shi a zuci, Allah Ya yafe min.

Na goya yarinyar, na rataya gora, na bi masu jakai zuwa kasuwar Tanut. A hanya ni ce mai kama masa ƙuda, ina turawa ta bakin gora don kada ya mutu. Abin da nake zargi da cin idon 'yata, shi nake ciyarwa, ita kuwa ko kunu ta ƙi haɗiya. Baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Ba wanda ban nuna wa ba. Wani Bafulatani ya ce yana ganin mai kama da shi a jikin ƙaya, amma nasu fari ne. Wata Buzuwa mai cuku ta kira wani suna da yarensu, ta sake leƙawa, ta ce a'a, ba shi ba ne. Masu magani suka yi ta miƙa wa juna gora, wannan ya ce ɗan na rumbu ne bai girma ba, wancan ya ce na rumbu ba ya tsalle. Har gardama ta kaure, suka manta da yarinyar da ke bayana. Na fizge gorana na ce, "Ku ji min mutane! Suna na zo saye ko magani?"

Babu wanda ya yarda ya shafa mata komai. Na dawo gida, idon ya kumbura ya rufe ruf.

Ƙurajen da kansu suka bushe. Ranar da kumburin ya saɓe, na zauna ta hagunta ina ba ta fura. Idon ya buɗe, fari fat. Ta yi ta juya kai tana lalube, sai ta ce, "Inna, dawo ta nan. Ba na ganinki ta can."