Gwiwar Baba Falalu

Shekara ashirin da bakwai ke nan Falalu yana sayar da albasa a Kasuwar Ose Okwodu. Ya zo Anacha da jini a jika, yanzu furfura ta cinye masa gemu, shi ake turawa gaba ya ja salla duk ranar da liman ya yi tafiya. A layin 'yan albasa ba mai ta da zancen cewa ya taɓa yin rawar koroso. Waɗanda suka sani sun manyanta, sun kuma iya bakinsu.

Bara'atu ce ta tono maganar, 'yar maƙwabcinsa Lawal da ke karatun jami'a a Inugu. Bincikenta na shekarar ƙarshe a kan tsofaffin 'yan rawa ne: me ya raba su da rawa, wace sana'a suka koma. Watan jiya ta zo rumfarsa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi tambayarta a gaban Usaini mai barkono da sauran 'yan layi. Falalu ya ce gwiwa ce ta hana shi. Ta rubuta, ta tafi, shi kuma ya ɗauka an wuce wajen.

Ranar Laraba sai ga ta ta dawo, taɓon kasuwa har idon sawu, idanunta sun faɗa.

"Baba, malamar ta dawo min da aikin."

"Subhanallahi. Me ya yi zafi?"

Ta buɗe takardun, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kai. "Mutum goma sha ɗaya na tambaya a garuruwa uku: nan, da unguwar Obiagu a Inugu, da Diobu. Tara sun ce gwiwa. Malamar ta ce ko dai gwiwoyin Arewa ne suka lalace lokaci ɗaya, ko kuma a ɗaki na zauna na ƙirƙiri amsoshin. In ban gyara ba kafin Litinin, sai baɗi."

Usaini ya tuntsire da dariya. "Gwiwa? Mutumin da ke sauka daga tirela a kan katako da buhu a ka, ko tangaɗi ba ya yi? Malam Falalu, ka ji tsoron Allah."

"Kai dai ji da barkononka, ga shi can ya fara ruɓa."

Falalu ya san inda yarinyar ta yi kuskure. Ba a tambayar dattijo ƙuruciyarsa a gaban masu bin sa salla. Amma ita a nan aka haife ta, a makaranta ta girma, wa zai gaya mata? Ya ce ta je gida wajen matarsa Delu ta ci abinci, zai zo bayan la'asar.

Ya wuni yana tsince ruɓaɓɓiyar albasa, damina ba ta raga wa kowa. Bayansa na ciwo, ransa ba ya so. Sau biyu yana shirya abin da zai ce in ya ƙi zuwa. Amma in yarinyar ta maimaita shekara saboda ƙaryar da shi ma yana ciki, da wane ido zai kalli Lawal a masallaci?

Da ya shiga gida ya tarar Delu ta riga shi. Ta ciro akayau, ƙarafan nan da 'yan rawa ke ɗaurawa a ƙafa, daga tsohon buhun da ke ƙarƙashin gado, ta baje su a kan tabarma. Duk sun yi tsatsa. Koroso bibbiyu ake yin ta, namiji da mace, Delu kuwa ita ce abokiyar rawarsa tun kafin ta zama matarsa.

"Ni dai na faɗa mata nawa," in ji Delu. "Saura kai, mai gwiwa."

Ya zauna, ya daɗe yana juya akayau ɗaya a hannu.

"Muna da makaɗi, Gimba. Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu hannunsa kaɗai ƙafata ta sani. Kafin ya sauya kiɗa yakan ɗaga kafaɗar hagu, ni ke gani, in ja Innarki mu juya, mutane su ɗauka asiri ne. Mun zo wasan biki nan garin, zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu ya cika. A nan muka binne shi. Aka samo wani makaɗin, na shiga fili kamar mai taka ƙaya. Daga baya aka ce mu bi kaset. Kaset ba shi da kafaɗa. Motar da ta kawo mu ta koma Kano, mu muka tsaya."

Bara'atu na rubutu, kanta a ƙasa. A hankali ta ce malamar ta kuma tambaya ko akwai abin da rawa ta bar musu.

"Dako na fara. Katakon nan na bayan tirela, ƙarti na faɗowa daga kansa kullum. Ni ban taɓa ba. Iyakar gadon ke nan."

"Ta ce in sauya sunaye, Baba."

"Nawa ki sauya, ki sauya shi da kyau. Na Gimba ki bar shi yadda yake."

Ta ƙirga sauran mutum takwas a yatsunta, garuruwa uku, kwana huɗu, ta sauke numfashi.

"Kar ki ƙara zuwa rumfar kowa," ya ce. "Gida za ki je, ki fara da matan, ki jira a ci abinci. Gobe ki kama motar farko zuwa Inugu, ki nemi Muhammad Sani mai gyaran takalmi a Obiagu. Ki ce ni na aiko ki. Tasa gwiwar ma lafiyarta ƙalau."

Ya yunƙura zai tashi ya yi alwala, gwiwar dama ta yi ƙara, sai da ya dafa bango. Delu ta kalle shi, ta kalli Bara'atu.

"Wannan kam ki rubuta," ta ce. "Ta bana ce."