Ranar da Iya Ta Ƙi Tsallake Yaro

Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. Duk mai son ji sai ya zauna ɓarar gyaɗa. In an gama girbi sanyi ya fara sauka, bayan sallar isha'i sai ta hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Ƙauyenmu yana gefen Bagwai, gida jingine da gida, gona jingine da gona, don haka yaran maƙwabta ma zuwa suke yi. Ba ta korar kowa. Ita ce ungozomar unguwar, kusan dukanmu ita ta yanke mana cibi.

Kakata ce ta wajen uba, kuma Maigida take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika. Da na zauna za ta harare ni ta ce, "Maigida, yau ma ba cefane, sai jin ɗumi?" Doka ɗaya gare ta a bakin wutar nan. In ƙananan cikinmu sun ɓingire da barci a kan tabarma, duk wanda zai tashi sai ya kewaya. Wanda ya tsallake yaro zai sha ranƙwashi, domin a wurinta yaron da aka tsallake ba ya yin tsawo.

In za ta fara sai ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ta wuce shi." Mu ce ta ƙaraso, mun yi mata shimfiɗa.

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wata mata a shekarar yunwa. Rumbu ya ƙare, ba abin da ya rage mata sai damin gero guda, na iri. 'Ya'yanta suna kuka suna kallonsa, mijinta yana kallonsa, ita ma in ta shiga ɗaki idonta a kansa yake. Ta san in ya ƙara kwana a gidan za a daka shi. Sai ta ɗora shi a ka, ta haye kogi, ta shiga garin da ba ta san kowa ba, ta yi sallama a ƙofar wani tsoho ta ce ajiya ta kawo. Ta dawo ba komai a hannunta. Mutanen gari suka ce ba ta da imani, ta fifita baƙo a kan 'ya'yan cikinta. Ganyen tafasa suka yi ta ci har ruwan farko ya sauka, sai aka duba aka ga duk garin ba mai ƙwayar iri, kowa ya cinye nasa. Ta koma, tsohon ya fito mata da daminta ko zangarniya ɗaya ba ta ɓata ba. Daga damin nan garin ya yi shuka.

Na taɓa tambayarta, "Iya, da tsohon ya cinye fa?"

Ta tura kara cikin wuta ta ce, "Da ya cinye, Maigida. Amma a gida ma ci za a yi, kuma na gida ya fi ciwo."

Na girma, mahaifina ya rasu, na koma kasuwar Dawanau ina tsaron shagon wake. Iya ta zauna a gida wurin Baffa Sale, ƙanen mahaifina. A hankali mantuwa ta kama ta. Ta yi sallah ta sake yi, ta kira ni da sunan mahaifina. Abu ɗaya ne bai bar ta ba: in ta ji kukan yaro sai ta miƙe ta bi shi, ko gidan wa ne. Da farko dariya ake yi.

Sai ɗan maƙwabcinmu Malam Idi ya kwanta da zazzaɓi mai zafi har da jijjiga. Uwarsa ta fito daga banɗaki ta tarar da Iya zaune kusa da shi, hannunta a ƙirjinsa. Cikin zafin jiki yaron ya yi ta cewa Iya, Iya. Duk yaran unguwar haka suke kiranta, amma ranar aka ce ya kama suna. Kafin azahar magana ta gama gari cewa Iya mayya ce, ta kama kurwarsa.

Baffa ya kira ni a waya, na hau babur na taho. Na tarar da gidan Malam Idi cike. An kwantar da yaron a tabarma a tsakar gida, an kawo Iya, an ce ta tsallake shi, wai haka maye yake sakin wanda ya kama. Liman yana ta cewa a ji tsoron Allah, zato zunubi ne, ba mai sauraronsa. Samarin da ke tsaye da sanduna, da yawansu ita ta yi musu wankan farko.

Na san kakata ba mayya ba ce. Duk da haka na durƙusa a gabanta, gaban kowa, na ce, "Iya, don Allah ki tsallaka kawai mu tafi gida."

Ta dube ni kamar yadda take dubana ina yaro. "Maigida, kanka ɗaya kuwa? A tsallake yaro? So kuke ya ƙi tsawo?"

Ta tattare zaninta, ta kewaya tabarmar a hankali. Wata mata ta ce kun gani, ta ƙi sakinsa. Dutse ya dira a jikin garu kusa da kanta. Ban san yadda na sunkuce ta na ɗora a babur ba. Ina jin ta a bayana tana tambaya ko an ba yaron ruwa.

Dawanau na wuce da ita. Ɗaki ɗaya gare ni a gidan haya, ni da matata Binta da yaranmu. Binta ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki. Amma da ta juya baya Iya ta fice neman hanyar gida. Rannan a tsakiyar babban titi na same ta, manyan motocin hatsi suna ta kauce mata. Sannan mutanen garinmu da ke zuwa kasuwa suka kawo labarin. Matan gidan suka fara janye 'ya'yansu in ta fito, mai gidan hayar ya kira ni gefe ya ce in nema mata wani wuri.

Ba ƙofar dangi da ban buga ba. Gwaggota da ke aure a Shanono ta yi kuka ta ce mijinta ya ƙi. Baffa ya ce samari sun rantse in ta dawo za su cinna wa ɗakinta wuta. Wani ya ce in ɗaure mata ƙafa da igiya in zan fita. Na sayi igiyar, na zauna ina kallonta, na kasa. Ban taɓa jin duniya ta yi mini ƙunci kamar kwanakin nan ba. A shago ina auna wake ina kuskure.

Wani mai sayen kaya a wurina ne ya gaya mini akwai gidan tsofaffi a cikin birni. A wajenmu wanda ya kai nasa can, an gama da shi, ɗa ne marar albarka. Na sani, na kuma tafi. Gida ne mai tsafta, da doguwar katanga da maigadi, da bishiyar darbejiya a tsakiya. Hajiyar da ke kula da wurin ta tambaye ni a hankali, "Malam, ba ta da kowa ne?" Na ce tana da jikoki cike da gari. Ba ta ƙara tambaya ba.

Iya ta duba gadaje ta ce, "Wace ce ta haihu a nan?" Na ce hutawa za ta ɗan yi. Ta ce, "To kada ka daɗe, ban rufe kaji ba." Ina fita ƙofa na zauna a bakin kwata na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifina.

Tatsuniyar nan na riƙe a kwanakin da suka biyo. Na riƙa gaya wa kaina ajiya na kai, ba yarwa na yi ba. In yaron ya warke hankula za su kwanta, in je in ɗauko ta. Na yi wa ɗan Malam Idi addu'ar da ban yi wa nawa ba.

Ya kuwa warke. Kawunsa ya kai shi asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Da Baffa ya gaya mini na ce, "Alhamdu lillahi, Baffa, sai in dawo da ita ke nan."

Ya ce, "Cewa suke tun da ka ɗauke ta ya samu sauƙi. Wai ta ga uwar bari ta sake shi. Har kai ake yi wa godiya."

Da ya mutu, da sun ce ta cinye shi. Sai a lokacin na ga inda tatsuniyar ta rabu da ni. Matar can, garinta duka yana jiran abin da ta kai ajiya. Ni abin da na kai, ba mai son ya dawo. Abin da ya rage mini a ciki kawai shi ne Iya tana raye, kuma hannun waɗanda ta yi rainonsu bai taɓa ta ba.

Ranar Juma'a nake zuwa. Kullum ina samunta kusa da ƙofa, ta ƙulle kayanta a ɗankwali. Wani lokaci ta gane ni, wani lokaci ta gaishe ni kamar baƙo. Makon jiya ta gane ni. Ta riƙe mini hannu ta ce, "Maigida, yaron nan na gidan Idi, ya jikinsa?"

Na ce, "Ya warke, Iya."

Ta ce, "Madalla. Ka gaya wa uwarsa ta riƙa rufe masa ƙirji, sanyi ya kusa. In na koma zan duba shi."

Na ce to.