Marta Nuhu da Makullin Sito

Ƙarfe shida da rabi Marta Nuhu take sauka daga keke a ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai mata, jaka a hammata, makullai a ɗaure da wani tsohon gefen zane. Famfo take fara dubawa. Daga nan ta bi baranda ɗaki-ɗaki tana shaƙar iska, don hancinta ya san ƙaurin hitar da aka ɓoye ƙarƙashin gado tun kafin mai ita ta farka. Ta tayar da mai zazzaɓi, ta raba masu faɗa a kan bokiti, sannan ta zauna a bencinta na bakin sito ta buɗe kwanon kununta. Haka take yi shekara talatin da biyar a wata babbar makaranta nan Gusau. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, ba ita nake wa jinjina ba. Ƙarshen watan nan Marta za ta ajiye aiki.

Maƙwabciyata ce a Tudun Wada. Daga Filato aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ta zauna. A takarda mai kula da ɗakin kwana ce, ɗalibai kuma Mama suke ce mata. Aikin da nake so in ba ku labarinsa ba ya cikin takardar.

Sito ɗaki ne da 'yan ajin ƙarshe ke barin akwatunansu kafin sakamako ya fito. Ranar da aka liƙa shi a allo, Marta ba ta zuwa wajen allon. Ta ce a bakin sito ake ganin sakamako. Waɗanda suka ci sukan zo a ayari, ana guɗa, ana ɗaukar hoto, nan take ta buɗe musu. Wadda ta faɗi kuwa takan jira sai rana ta take, wuri ya yi tsit, ta zo ita kaɗai ta ce, "Mama, akwatina." A nan ne makullin sito yake ƙin ganuwa. Marta ta laluba jaka, ta ɗaga tabarma, ta leƙa bayan ƙofa, tana cewa yarinyar ta zauna tukuna ta sha ruwa. Kafin makulli ya fito, magana ta fito.

Na taɓa tsokanarta, na ce ke da ba kya fashin coci, ga ki da ƙarya. Ta ce, "Hajiya, ban taɓa cewa ya ɓata ba. Cewa nake bari in nemo shi. Inda na san ba ya nan nake fara dubawa, shi ke nan."

Sai kun san abin da ke jiran yarinyar za ku gane dalilin wannan nema. Ɗalibin da ya faɗi kwas ko ɗaya ne a shekarar ƙarshe dole ya dawo ya sake, ɗalibai suna ce masa sifiloba. A wannan makarantar, ranar da sunanki ya shiga wannan layi, ya fita daga layin masu gado, don gado na sababbi ne da waɗanda ke cikin shekarunsu. Tallafin karatu, in kina samu, an ƙayyade masa shekara huɗu, ba ya leƙa ta biyar. Rajista kuma sai an sake. Gida kuwa an riga an ce musu an gama. Abin da da yawa suke yi shi ne su ɗauki akwati su koma gida su yi shiru, su ce takardar bautar ƙasa suke jira. Marta ta san wata a Bungudu da ta yi shekara uku tana wannan jira, alhali takarda ɗaya ce tsakaninta da digiri.

Na yi shekara talatin ina koyarwa, kuma na sha ji a taron malamai cewa in ba a tsananta wa wanda ya faɗi ba, kowa zai faɗi. Ni ma na faɗa, har da buga tebur. Yanzu ina tambaya: wa ya taɓa gwadawa ya gani? Mun ɗauki mai rauni a darasi ɗaya, mun cire masa wurin kwana da abin cin abinci, sannan mun ce ya fi bara ƙoƙari. Ban ga hikimar ba, kuma na daina yin kamar na gani.

Muzdalifa Ɗayyabu ce ta sa na daina. 'Yar garin Wanke ce, ilimin sinadarai take karanta, ta faɗi kwas ɗaya na lissafi. Ba ciwo ta yi ba, ba rasuwa aka yi musu ba, lissafin ne ya fi ƙarfinta a wannan zangon. Na faɗi haka ne don mun saba sai mai uzuri muke tausaya wa. Ta zo neman akwati, makulli ya ƙi fitowa, ta fashe da kuka. Ashe mahaifinta ya riga ya yanka rago, an yi addu'a, duk gari an san 'yar Malam Ɗayyabu ta gama jami'a, ita ce ta farko a danginsu. Ta ce gara ta mutu da ta buɗe baki ta gaya masa. Marta ta ce ba sai ta mutu ba, ita za ta gaya masa.

Washegari da safe sai ga Marta a ƙofata, wai in raka ta Wanke. Na ce me ya haɗa ni da Wanke, ga hanyar ma ba kowa ke son bin ta ba a lokacin. Ta ce ni Hajiya ce, ga furfura, mutumin zai ji nauyina. Wannan ya yi mini daɗi, na ɗauki mayafi.

Mun tarar da Malam Ɗayyabu a ƙofar gida ana auna waken suya. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Marta ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce, "Malam, 'yarka ta zauna jarrabawa arba'in da takwas. Ta ci arba'in da bakwai."

Ya juya hularsa a gwiwa. Can ya ce, "To ragon da na yanka fa?"

"An ci, ya yi albarka. Baɗi kaza ta isa."

Bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa ya motsa. Ya tambayi abin da za a kashe, Marta ta bayyana masa cewa akwai wani sakin layi a dokar makaranta da ya yarda mai kwas ɗaya ko biyu ya biya rabin rajista, ba mai karanta shi sai ita, kuma ta riga ta sa an rubuta takardar. Tallafin karatunta kam ya tafi, za ta rubuta wa masu bayarwa, amma kada ya sa rai. Ya ce kuɗin wannan waken zai ɗauki rajistar. Sannan ya zo kan abin da ke ransa. A ina za ta kwana? Da aka ce ba ta da gado a makaranta, ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗiyata ba ta kama ɗakin haya cikin Gusau ita kaɗai. In wanga ne, ta zauna gida, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Na ɗauka magana ta ƙare, har na fara laluben takalmi. Sai Marta ta nuna ni da haɓa. Ta ce ga Hajiya nan, tsohuwar shugabar makaranta, ɗakin ɗanta Khalid a rufe yake tun da ya koma Kaduna, gidan ba namiji, ƙofa kuma da magariba ake kulle ta. Malam Ɗayyabu ya juyo yana dubana. A nan na gane ba furfurata aka ɗauko ba, ɗakina aka ɗauko. Na ce haka ne, Malam. Me zan ce?

A mota na ɗaure mata fuska har muka shigo gari. Ita kuwa gyaɗa take ɓarewa tana miƙo mini.

Muzdalifa ta yi wata biyar a gidana. Marta ta samo mata yaran maƙwabta tana koya musu da yamma, abin sabulu da kuɗin keke yana fitowa. Masu tallafi ba su ko amsa wasiƙar ba. Ta sake zama, ta ci. Yau tana koyar da sinadarai a wata sakandare a Tsafe, kuma an yanka kazar, an aiko mana da cinya.

Daga baya na gano ba ni kaɗai aka yi wa haka ba. Akwai Inno mai ƙosai a bayan layinmu, akwai matar wani fasto, akwai wata tsohuwar nas, duk masu ɗakin da 'ya'ya suka bari. Ɗakin Khalid kaɗai ya kwantar da shida. Ba duka suka ci ba. Ɗaya ta sake faɗuwa, ɗaya an zo an ɗauke ta kafin jarrabawa, wasu kuma tun a bakin sito suka ƙi zama, dole makulli ya fito. Marta tana riƙe da sunayensu, ba ta son a tayar da zancen.

Marta, ke ce kika ga cewa mai zuwa ɗaukar akwati da tsakar rana ba akwati take nema ba. Ke ce kika shiga zaurukan da 'ya'yan gidan suka ji tsoron shiga, kika faɗi abin da ya kamata a faɗa, ba ki ƙara ba, ba ki rage ba. Uwar masu maimaici, ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, kuma na san da an kira ki karɓa sai kin ce wa zai tsare famfo. Na gode. Har ɗakin da kika ƙwace mini na yafe.

Ku masu rubuta doka, ban ce ku ba kowa digiri ba, ku bar wa mai maimaici gado ko ɗaya ne a kowane gini, ku ga ko duniya za ta tashi. Ku kuma 'yan'uwana tsofaffi masu ɗaki a kulle, ƙura kawai yake tarawa, ku buɗe.

Jiya Marta ta miƙa makullai ga Salma, wadda za ta gaje ta. Salma ta ga na sito guda ɗaya ne tak, ta ce gobe za ta sa a yanko wani, don ta ji an ce yana yawan ɓata. Marta ta riƙe hannunta, ta zaunar da ita a benci, ta ce, "Kada ki yanko. Zauna in koya miki yadda ake nemansa."