Na kai Baba Yamai a ɗauki hoton kansa

Ƙarar murfin gwangwanin sukari ce ta fara komai. Ranar huɗu ga azumi, bayan azahar, ina tankaɗe na ji ƙwas daga ɗakin ajiya. Na ɗauka ɗiyata ce 'yar shekara shida, na tashi da faɗa a bakina. Sai na tarar da mahaifina tsugune bayan ƙofa yana zuba sukari a tafin hannu yana lasa. Ya dube ni, bai ko sunkuyar da kai ba.

Ku da kuka san Baba a Filinge kun san abin da nake nufi. Tela ne, shekara arba'in yana kan keke a bakin kasuwa, sahun farko a masallaci bai taɓa wuce shi ba. Tun bara ya fara sakewa. Ya bar masallaci, yana faɗa wa baƙi magana mai nauyi, ya ɗauki goro a faifan mai talla ya wuce. A asibitinmu an tambaye shi rana da wata da sunayen jikokinsa, ya kawo su duka. Wannan ya sa yayana ya tsaya a kan cewa Baba ba ruɗewar tsufa yake ba, yana sane. Ni kuwa abin da ke hana ni sukuni shi ne Baba ya cika a haka, ya tarar da Ubangijinsa ba salla ba azumi, alhali da hankalinsa. Lokotoro, wato likita, ya ce mantuwar tsufa iri-iri ce, sai hoton ƙwaƙwalwa ke taimakawa a rarrabe su, kuma na'urar tana Yamai. Ya rubuta mana takarda.

Mun tashi da asuba, ni da Baba da yayana, amma mota ba ta motsa daga tasha ba sai da gari ya waye tas, don yanzu ba direban da ke yarda ya shiga wannan hanya da duhu saboda 'yan bindiga. Kuɗin mota ya kusa ninka na da. Kowa ya biya ba musu, an yi addu'a, aka rufe ƙofa. Motar ta yi tsit kamar ɗakin gaisuwar mutuwa.

Rabona da hanyar nan tun kafin soji su karɓi mulki. Goriba da gawo suna nan yadda na san su cikin kwarin, duwatsun nan ja suna tsaye a gefe. Mutane ne babu. Da can ba ka rabuwa da babura da amalanken jaki, yanzu an hana babur, sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ga ko mai kiwo ba. Mun wuce wani ƙauye kafin Bonkuku, rumbunan hatsi a buɗe, ba hayaƙi ko ɗaya. Wata tsohuwa kusa da ni ta fara salati ƙasa-ƙasa, na kama mata. Duk kurar da ta taso daga nesa sai kowa ya miƙa wuya, direba ya ƙara wuta. Sau biyu awaki ne.

A nan Baba ya ce yunwa yake ji, da ƙarfi. Na zo da dabino da biskit cikin jaka saboda haka. Na miƙa masa ina jiran idanun mutane, sai wani dattijo a baya ya ce, "Ci abinka, Malam, matafiyi Allah Ya yi mai sauƙi." Tun farkon azumi ranar ce kaɗai Baba ya ci abinci da rana ban ji kamar in nutse ba. Ya cinye nasa, ya miƙa hannu cikin ledar tsohuwar nan ya ɗebi gyaɗar da za ta kai wa jikokinta. Ta yi dariya ta ce ai tsoffin mazan yanzu ba su iya zance ba, sai ƙwace.

Shingen da ke gaban Balayara ba zan manta shi ba. Aka ce kowa ya sauka da katinsa a hannu. Muka jeru cikin rana. Sojan da ke dubawa yaro ne, fuskarsa rufe da ƙyalle, yatsansa kusa da kunamar bindiga. Ya iso kan Baba. Kafin in ankara Baba ya kai hannu ya cafki wuyan rigarsa ya jawo shi.

Na ji ƙarar ƙarfe ta bayanmu. Wani ya daka tsawa da Faransanci. Mutane suka watse gefe, yayana ya ɗaga hannu sama. Baba kuwa ya juya wuyan rigar yana duban ɗinki, ya ce, "Wa ya ɗinka maka wagga? Ɓarawo ne. Ko kalmasa bai iya ba."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ɗaga takardar lokotoro da hannu biyu, Faransancin da na ɗauka a lakwal, wato makarantar boko, ya gudu ya dawo mini, na ce ba shi da lafiya, tela ne, asibiti za mu. Babbansu ya zo ya karanta, ya daɗe yana kallon Baba. Sannan ya ɓamɓare yatsun Baba daga rigar ɗaya bayan ɗaya, ya ce da Hausa, "Baba, in ka dawo ka gyara mai." Ya juyo gare ni: "Ki riƙe hannunsa, Madam. Ba kowane shinge za a tsaya karatu ba." Daga nan har Yamai hannun Baba yana cikin nawa. Yayana ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Kin gani? Mai mantuwa ba ya gane kalmasa." Ni ma abin da nake tsoro ke nan.

Yamai ta karɓe mu da zafi da hayaniya. Mun sauka wurin wata 'yar uwar mahaifiyarmu, muka sha ruwa da kunu da dambun zogale irin na Zabarmawa, wanda na ga sun fi mu sakin hannu da mai. Kwana biyu muna zarya. Ranar farko kuran, wato lantarki, ya ɗauke, aka ce a dawo. Rana ta biyu aka kira mu.

Ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton ta ce kada ƙarfe ko ɗaya ya shiga ɗakin, na'urar tana fizgarsa. Muka cire agogo da zobe. Har za a shiga na tuna, na ce a dakata, na karɓi hularsa. Allura uku na zare daga cikin naɗin, inda ya saba soke su tun ina yarinya. Matar ta dafe ƙirji.

Na'urar kamar bakin rijiya ce a kwance. Da na ga ana tura Baba ciki, kansa a ɗaure, an lulluɓe shi da farin ƙyalle, kun san abin da ya zo mini a rai. Na'urar ta fara bugawa, kaf-kaf-kaf, ba tsayawa. An ce in ya motsa aikin ya ɓaci, ni kuwa na san Baba ba ya zama wuri ɗaya yanzu. Ina leƙe ta gilashi ina karanta duk abin da ya zo bakina. Bai motsa ba. Da aka fito da shi ya ce wa ma'aikaciyar kekenta yana son mai.

Lokotoron ƙwaƙwalwa ya fi awa yana tambayarmu halin Baba kafin ya kunna hoton. Ya ce hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da labarin gida. Ya nuna mana can ciki ta gefe, ya ce irin da aka fi sani nan yake fara ci, mutum ya manta abin da ya faru ɗazu. Na Baba da sauran ƙwari. Ya ce akwai wanda jijiyoyin jini ke kawowa, yana barin tabo fari-fari. Baba ba shi da su sosai. Sannan ya kai alƙalami goshi. Ko ni na ga bambancin: wurin ya tsuke, ramukan sun buɗe kamar ƙasar tafki da rani. Ya ce nan kunya take, nan ne abin da ke ce wa mutum bari. Ciwon Baba nan ya fara, shi ya sa yake tuna komai amma ba ya iya hana kansa. Ya ce ba a warkewa, zai ƙaru, kuma maganin mantuwa da muke ba shi bisa shawarar wani a daina shi, ba na irin nasa ba ne.

Na tattara ƙarfina na ce, "Lokotoro, yana sane yake yi?"

Ya ce, "Yana gani, Madam. Birkin ne babu."

Yayana, wanda ya taɓa yi wa Baba tsawa a gaban jama'a saboda salla, ya fita waje. Na same shi a jikin bango yana kuka kamar yaro.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, shinge bakwai, hannun Baba cikin nawa, hoton cikin babbar ambulan a ƙirjina. Ban tsaya gida ba sai da muka kai wa limamin unguwarmu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce wanda ciwo ya ci wurin hankalinsa an ɗauke masa alƙalami, ba a rubuta masa, kamar yaro ƙarami. Sahun da ya tsaya shekara arba'in kuwa yana nan a ajiye. Na tafi da tsoron lahirar Baba, na dawo da tsoron kwanakin da ke gabanmu, kuma wallahi na biyun ya fi sauƙin ɗauka. Abin da zan ce muku, 'yan uwa, in tsohonku ya sake hali, kada ku tsaya ga cewa ai yana gane kowa. Mu mun yi shekara muna fushi da marar lafiya.

Da la'asar ina ba mijina labari a tsakar gida, ban lura ɗiyata tana jin mu ba. Ita ce Baba ke kira amaryarsa. Ta zo ta jingina da ni ta ce, "Inna, ai ni ma ba a rubuta mini. Gobe ki zuba mana a kwano ɗaya ni da angona, ya bar ci a bayan ƙofa."