Gawon da Aka Kashe a Takarda

Duk mai cin kasuwar Gwiwa ya san Baffa Halliru: dogon Bafulatani, siriri, da malafar da rana ta ci har ta gaji. Ba ya ciniki sai da faɗa, faɗan kuma a dariya yake ƙarewa. Shekara talatin muna tare, tun ina hedimasta a firamaren da ke kusa da rugarsu, a hanyar Roni. Bai yi boko ba, saboda haka duk takardar da ta shafe shi ni ke karanta masa, ni ke rubuta amsa. Abin da zan faɗa da ni aka yi shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Bayan rugar akwai wani kwari tsakanin duwatsu biyu, cike da itatuwan gawo. Ba haka kawai suka fito ba. Shanu ke cin 'ya'yan gawo da rani, irin ya fita a kashinsu, ya tsiro da damina. Su Halliru kuma in sun ga tsiron sai su kewaye shi da ƙaya har ya fi ƙarfin akuya. Haka kakansa ya yi, haka ubansa. Manyan guda arba'in da ɗaya ne. Akwai ɗaya a bakin kwarin wanda ubansa ya yi wa shinge a shekarar da aka haife shi, shi yake kira Tsarana.

Tun zamanin kakan nasa wani Baturen daji ya zo da igiyar awo, ya kafa duwatsu, ya ce daga nan zuwa can gandun daji ne. Bai tambayi kowa ba. Mutanen da suka raini itatuwan suka kwana masu gida, suka tashi ɓarayi, reshe ɗaya ka datsa wa saniya sai gaban alƙali. Bature ya tafi, duwatsunsa suka zauna. Sai dai malaman dajin da suka biyo baya 'yan gida ne, sun san mai raino sun san mai ɓarna, aka ci gaba da zama ana kau da kai.

Shekara huɗu da suka wuce, farkon watan Yuli, sai ga farar mota. Wata ƙungiya ce daga ƙasar waje, wai masu ceton dazuzzuka. Baturiya ce a gaba, da tafintanta Musaddiƙ, ɗan Kazaure mai digiri biyu.

To, kowa a ƙasar nan ya san halin gawo. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, shi zubar da ganyensa yake yi ya tsaya tsirara kamar busasshe, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Sai rani ya yi komai ya ƙone, sannan ya yi kore shar, ya zubo 'ya'ya. Wannan ko tsohuwar da ba ta fita ƙofar gida ta sani.

Baturiyar ba ta cika awa biyu a kwarin ba. Ta ɗauki hoton rassan da babu ganye, ta ɗauki tabon da aka datsa wa shanu, ta ɗauki Halliru da gatarinsa a kafaɗa. Shi kuwa bawan Allah har murmushi ya yi mata, ya sa matarsa Zara ta kawo ƙwaryar nono.

Bayan mako uku takarda ta iso, ni na karanta. Wai itatuwan kwarin duk sun mutu, kuma makiyayan da ba su san darajar muhalli ba ne suka kashe su da sara. Za a kwashe matattun, a dasa bishiyar turare dubu biyar, a kewaye wurin da waya. A bangon rahoton ga Halliru nan da gatari yana murmushi.

Ya yi dariya har malafarsa ta faɗi. "Malam, sake karantawa. Wa ya mutu?"

Dariyar ta tsaya ranar da aka zo aka shafa wa itatuwan jan fenti, har da Tsarana. Washegari muka hau babur zuwa ofishinsu a Kazaure, muka sami Musaddiƙ.

Halliru ya ce, "Ɗana, a gonar mahaifinka akwai gawo?"

"Akwai, Baba. Guda uku."

"Yau da safe suna da ganye?"

"Babu."

"To sun mutu?"

Musaddiƙ ya sunkuyar da kai. "Baba, wallahi na faɗa mata tun a mota. Ta ce hoton tauraron ɗan'adam ma ya nuna babu kore a wurin. Rahoto ya riga ya tafi, manya sun sa hannu."

Ni ne na kasa haƙuri. Na ce ashe tauraron ma da damina ya leƙo? Wata uku kawai za a jira, itatuwan su yi wa kansu shaida. Ya ce ba za a iya jira ba, dole a yi dashen kafin ruwa ya ɗauke. Ka ji fa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an ce mai ɗakin ya yi shiru, baƙon da ya sha nono ya wuce shi za a tambaya.

Takarda uku na rubuta musu da Turancin da ya fi nasu tsafta. Ɗaya ce ta samu amsa. Sun gode da sha'awarmu, kuma suna gayyatar Halliru taron wayar da kai a kan amfanin bishiya. Halliru! Ya je kuwa, don ya zaci za a ba shi dama ya yi magana. Aka nuna musu majigi, aka ba shi hula mai hoton ganye, aka tashi.

Ƙarshen Agusta masu injin yanka suka zo. Kwana huɗu ana jin kukan injin har makaranta. Kowane itace suka kayar, cikinsa ɗanye, ruwa na tsattsafowa, su da kansu suna salati. Amma aiki aka ba su.

Tun ranar farko Halliru ya ɗauki buzunsa da butarsa ya zauna a gindin Tsarana. Nan yake salla, nan Zara ke kai masa fura. A rana ta huɗu shugaban masu yankan ya zo ya durƙusa.

"Baba, don Allah ka matsa. Shi kaɗai ya rage."

"Shekararmu ɗaya da shi. In ya mutu, ni ma na mutu ke nan, sai ku fara da ni."

Mutumin ɗan Roni ne, yana da uba a gida. Ya dubi furfurar Halliru, ya saɓa injinsa, suka tafi. Aka dasa turare, aka ja waya, Tsarana ya faɗa ciki, rugar ta faɗa waje.

Babu wanda aka ɗora wa ban ruwa. Kafin watan Maris dashen ya koma tsinke. Shanun Halliru, da suka saba cin 'ya'yan gawo su ƙetare rani, suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, dole ya rabu da rabinsu a kasuwar Babura. A duk kwarin abu ɗaya ne kore, gawon nan mai jan fenti a ƙugu.

Bara da rani mutanen ƙungiyar suka dawo suka kafa allo a bakin wayar. Halliru ya zo har gida ya ɗauke ni in karanta masa. Hoton Tsarana ne, ya yi lif da ganye. A ƙasa an rubuta cewa wannan bishiya ta farfaɗo ne bayan an hana makiyaya shiga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na karanta masa, na ce yau ko tsinke allon nan za a yi, da ni.

Bai ko kalli allon ba. Ya kama wayar da hannu biyu.

"Bar su da allonsu, Malam. Dubi ƙasa."

Na duba. 'Ya'yan gawo ne tuli a gindin, na bana a kan na bara, gara tana ci.

Ya ce, "Shekara uku babu saniyar da ta ci ko ɗaya. Na zagaya wayar nan kowace damina, ban ga tsiro ba. Ni na haifi takwas. Shi kuwa in muka tafi, wa zai bari?"