Sarkin da Aka Tuɓe Bai Bar Garinsa Ba

Kano zuwa Ikko

Tun kafin assalatu na bar Mandawari. Na leƙa ɗakin Baba in yi masa sallama, na tarar an ɗaure littattafansa a buhuna. Tun da aka tuɓe shi daga mai unguwa ko zaure bai ƙara fitowa ba. Ya ce wanda aka cire wa rawani ba ya zama inda ya yi mulki, shi Barno za shi, ƙasar kakanninmu, inda bai san kowa ba. Da ƙyar ya yarda ya jira dawowata.

A tasha na sami Mai Lofe, Bajamushen da nake zaɓar wa fatun awaki. Shi ya ce in zo in ga yadda ake jima a garinsu. Jirgin ƙasa ya tashi ƙarfe bakwai. A Ikko muka sauka gidan wani Bakano, na ci tuwona na ƙarshe.

Cikin teku

Ban da amai da dankali ba ni da labari. Da jirgin ruwa ya sauke mu a Hambug ta ƙasar Jamus, ɗan kwastan ya buɗe jakata, ya shaƙi daddawa, ya rufe da sauri ya ce in wuce.

Garin sarakai

Wuni guda muka yi a jirgin ƙasa. Garin su Mai Lofe dā ƙasa ce mai sarkinta, amma faɗinta duka bai kai Kano zuwa Wudil ba. Da na ji haka na ce sai na yi gaisuwa a fada. Na sa babbar riga, na tuɓe takalmi a ƙofa, sanyin daɓen ya kusa tsinke mini yatsu. Ba dogari ko ɗaya. Wata tsohuwa ta zagaya da mu tana nuna hotunan sarakunan, kusan duk sunansu ɗaya, sai lamba ke bambanta su. Na ƙarshe, in ji ta, an sauke shi bayan yaƙin duniya na farko.

Na tambaya wane gari aka kai shi. Mai Lofe ya ja ni shagon burodi, ya nuna mini wani dattijo a layi, bayan wata mai shara, riƙe da kwando, ya ce ga sarkin nan. Masu shigowa suna ɗaga masa hula, yana ɗaga musu tasa. Na durƙusa, ya kama hannuna ya tashe ni. Mai Lofe na tafinta, na ce, "Ranka ya daɗe, da aka tuɓe ka, me ya hana ka barin garin?"

Ya ce, "In tafi ina? Nan aka binne iyayena. Sarautar suka karɓa, ba maƙwabtana ba."

Komowa

Da la'asar na shigo ta Ƙofar Mata. Buhunan na nan a ɗaure. Baba ya saurari labarin sarkin har ƙarshe, ya tambaya ko da gaske ana gaishe shi. Na ce da idona na gani. Ya ce Turawa dai ba su da kunya, ya juya mini baya. Raina ya ɓaci, na tashi.

Washegari da hantsi na fito za ni kasuwa, na same shi a ƙofar gida bisa buzunsa, kansa ba rawani, sai hula. Mai goro ya wuce ya ce, "Barka da hutawa, Malam." Baba ya amsa.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Da yamma na kwance buhunan.